Makarantar Gida: Ruwan Da Ke Cin Sabulu Da Yadda Ake Auna Shi

Darasinmu na wannan wata a kan ruwa ne da lissafi. Ina roƙon iyayenmu mata kada su tsallake shafin don sun ji an ambaci lissafi, gama su ne suka fi kowa sanin halin ruwa, su ne kuma wahalarsa ta fi faɗa wa.

A 'yan shekarun nan jama'ar ikkilisiya a wurare da dama sukan tara baiko su haƙa rijiyar burtsatse, wasu a harabar majami'a, wasu a makaranta. Idan an gama aiki, mai haƙa yakan kawo takardar gwajin ruwa cike da lambobi. Dattawa su karɓa su yi godiya, a sa ta cikin akwatin ma'aji, ba wanda zai sāke waiwayarta. Bayan wata biyu sai mata su fara ƙorafi, wai ruwan yana cin sabulu, wake kuma ba ya dahuwa da wuri. Ana cikin haka mai tallar na'urar tace ruwa ya iso da nasa lambobin, waɗanda ba su yi kama da na cikin akwati ba. Nan gardama takan tashi a kwamiti, har a kai ga zargin juna. Sau da yawa kuwa takardun biyu magana ɗaya suke faɗi, mudun awonsu ne ya bambanta. Wanda ya iya juya wannan mudu zuwa wancan ya tsare kuɗin jama'a, wani lokaci ma har da ran yaro.

Abin Da Ke Sa Ruwa Tauri

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan sama idan ya sauko, abin da ke narke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Sa'ad da ya nutse cikin ƙasa yakan haɗu da irin iskar nan da muke fitarwa wajen numfashi, wadda take da yawa a ƙarƙashin ƙasa saboda saiwoyi da ruɓaɓɓun ganyaye. Daga nan sai ya yi ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, amma ya isa ya riƙa narkar da dutsen farar ƙasa a hankali. Abubuwa biyu yakan ɗebo daga dutsen, watau kalsiyam da magnesiyam. Yawansu cikin ruwa shi ne masana suke kira taurin ruwa.

Ƙasarmu ta nan tana da shimfiɗu iri iri, ɗaya bisa ɗaya kamar tabarmi. Ta sama, wadda ta ratsa Birnin Kebbi da Kalgo da kewaye, ta rairayi ce da yumɓu, masana ƙasa kuwa da sunan garin Gwandu suka raɗa mata suna. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa wadda suke kira da sunan Kalambaina, gama can kusa da Sakkwato ne ta fito fili, inda ake fasa ta ana yin siminti tun shekarun 1960. Rairayi ba shi da abin da zai ba ruwa da yawa, shi ya sa ruwan da ya kwanta cikinsa yakan zama mai laushi. Amma ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa yakan fito da tauri. Saboda haka rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta, gwargwadon zurfinsu da irin shimfiɗar da kowacce ta tarar.

Alamomin taurin ruwa ba su da wuyar ganewa. Sabulu ba ya kumfa sai an yi ta goga, sa'an nan wani abu mai kama da kitse ya taso bisa ruwan wanki. Fararen tufafi su dushe. Gindin buta da tukunya ya yi farin ɓawo, bakin famfo ya riƙa toshewa. Wake da nama su daɗe bisa wuta, itace ya ƙare. A lura kuwa, tauri dabam, zartsi dabam. Zartsi harshe ne ke jinsa, daga gishiri ko kanwa yake. Ruwa yana iya yin tauri sosai alhali yana da daɗin sha. Haka kuma ruwan da ke barin jan tabo a tufafi da bokiti, ƙarfe ne ya yi masa yawa, wannan ma lissafinsa dabam ne.

Galan Iri Biyu

Kakanninmu sun san awo tun kafin zuwan Turawa. Suna da mudu da tiya don hatsi, kamu da taƙi don zane, gaba don zurfin rijiya, tulu da randa don ruwa. Turawan Ingila suka zo da nasu, laba da oza da yadi da galan. A 1973 ƙasarmu ta bar fam da sule ta kama naira da kobo, a cikin shekarun nan ne kuma aka koma awon mita da kilo da lita, wanda aka ƙago a Faransa cikin shekarun 1790. Amma tsohon awo bai mutu ba. Yana nan a bakin dattawa, da cikin tsofaffin littattafan asibiti, da jikin kayan da ake kawo mana daga Amurka, inda har yau da galan da laba suke aiki.

Abu na fari da ya kamata kowa ya riƙe shi ne galan ba ɗaya ba ne. A 1824 Ingila ta yi doka cewa galan shi ne abin da zai ci laba 10 na ruwa. Wannan shi ne galan ɗin da aka koya wa iyayenmu a makaranta. Amurka kuwa ta riƙe wani tsohon galan da ake awon ruwan inabi da shi, wanda ya fi ƙanƙanta. Galan 5 na Ingila daidai yake da galan 6 na Amurka. Shi ya sa duro guda ɗin nan da muke tara ruwa a ciki, mutumin Ingila zai ce na galan 44 ne, mutumin Amurka ya ce na galan 55. Ban da waɗannan kuma, galan ɗin roba na kasuwa da ake zuba man gyaɗa ko man inji, wani lita 4 yake ci, wani 5. Ga jerin da za a kwafa a manna a bango:

Galan 1 na Ingila, lita 4.55 ne.
Galan 1 na Amurka, lita 3.79 ne.
Garwar 'yan ga-ruwa ta dā, galan 4 na Ingila, lita 18 ce.
Jarka mai lita 25, galan 5 da rabi ne na Ingila.
Duro, kimanin lita 200 ne.
Laba 1, giram 454 ce.
Oza 1, giram 28 ce.
Giren 1, miligiram 64.8 ne.

Giren ɗin nan na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙantar awon nauyi na Turawan Ingila. Asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ce, giren 7,000 kuwa su ke yin laba ɗaya. Miligiram kuma, idan an raba giram ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne miligiram.

Mudu Biyar Na Awon Tauri

A takardar gwaji ta zamani za ku ga an rubuta mg/L, watau miligiram nawa ne cikin lita ɗaya. Wata takardar kuma za ta rubuta ppm, ma'anarsa kashi nawa ne cikin miliyan. Ga ruwan sha waɗannan biyu abu ɗaya ne, ga kuwa dalili. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kilo ɗaya kuma miligiram miliyan ɗaya ne. To, miligiram ɗaya cikin lita ya zama kashi ɗaya cikin miliyan ke nan, kamar naira ɗaya cikin naira miliyan.

Tsohon awon Ingila sunansa digirin Kilak. Wani shehun malami ne a birnin Abadin na ƙasar Sikotilan, Tomas Kilak, wanda a 1841 ya fito da hanyar gwada tauri da ruwan sabulu, da hanyar rage shi da farar ƙasa. Digirinsa ɗaya shi ne giren ɗaya cikin galan na Ingila. Tun da yake galan ɗin laba 10 ne, watau giren 70,000, digiri ɗaya ya zama kashi ɗaya cikin 70,000. Raba miliyan da 70,000, za ka sami 14.3. Amurkawa su ma da giren cikin galan suke awo, sukan rubuta gpg, amma da yake galan ɗinsu ƙarami ne, giren ɗin ya fi kauri a cikinsa. Raba 64.8 da 3.79, za ka sami 17.1. Jamus da Faransa kuma kowacce da nata digirin, akan gan su a jikin kayan gwajin masu kiwon kifi da littafin injin wanki. Ga yadda za a mai da kowanne zuwa miligiram cikin lita:

Giren na Amurka, a ninka da 17.1.
Digirin Kilak na Ingila, a ninka da 14.3.
Digirin Jamus, a ninka da 17.8.
Digirin Faransa, a ninka da 10.
Idan kuwa daga miligiram za a koma ɗaya daga cikinsu, sai a raba maimakon a ninka.

Bari mu gwada. A ce takardar mai haƙa ta nuna tauri 9 a awon Amurka, mai talla kuma ya zo ya ce 154 ne. Dattijo ɗaya zai ce an cuce mu, yaya 9 ya koma 154? Ninka 9 da 17.1, amsa ita ce 153.9. Ashe ruwa ɗaya ne, awo ɗaya ne. Wannan ruwan a hannun mutumin Ingila 10.8 ne, a hannun Bajamushe 8.6, a hannun Bafaranshe 15.4. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lambar da ba a faɗi mudunta ba daidai take da mutumin da ya ce ya sayi gero goma, bai ce mudu ba, bai ce buhu ba.

Wata takardar ba za ta ba da jimlar tauri ba, sai ta rubuta kalsiyam dabam, magnesiyam dabam. Kada a haɗa su haka kawai. An saba auna tauri da nauyin dutsen farar ƙasa, cikin kashi 100 na dutsen kuwa kashi 40 ne kalsiyam. Saboda haka sai a ninka kalsiyam da 2.5, a ninka magnesiyam da 4.1, sa'an nan a haɗa. Idan kalsiyam 40 ne, magnesiyam 12, za a sami 100 da 49, jimla 149. Wanda ya haɗa 40 da 12 ya ce 52 zai ɗauka ruwan mai laushi ne, alhali kuwa mai tauri ne.

Nawa Ne Ya Yi Yawa?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya kasa ruwa kashi huɗu. Daga sifiri zuwa miligiram 60 cikin lita, ruwa mai laushi ne. Daga 61 zuwa 120, matsakaici. Daga 121 zuwa 180, mai tauri. Abin da ya wuce 180, mai tauri ƙwarai. A awon Amurka iyakokin nan su ne giren 3 da rabi, da 7, da 10 da rabi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta fitar da ƙa'idar ruwan sha a 2007, aka sabunta ta a 2015, a ciki kuwa an sa iyakar tauri a miligiram 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa tauri wata iyaka saboda lafiyar jiki ba. Ta dai nuna cewa idan ya wuce kimanin 200 yakan tara ɓawo cikin bututu da tukwane, ya kuma ƙara cin sabulu. Kalsiyam ɗin nan ai shi ne ke gina ƙashi da haƙori.

Don a ga girman abin da ido, ninka 154 da 25. Jarka guda ta wannan ruwa tana ɗauke da miligiram 3,850, watau bai cika giram 4 ba. Duro guda kuwa yana da kimanin giram 31, ɗan fiye da oza ɗaya. Wannan ɗan abin ne ke cinye sabulun gida. Ɓarnarsa a aljihu take, da tufafi, da itacen girki. Ikkilisiyar da ruwanta ya nuna 154 ba ta da dalilin rufe rijiyarta, ba ta kuma da dalilin cin bashi don sayen na'ura mai tsada. Irin na'urar da ke cire tauri tana buƙatar a riƙa zuba mata gishiri a kai a kai, tana kuma musanya kalsiyam da sinadarin gishiri, abin da ba ya taimakon masu hawan jini. Ba ta kuwa kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

A yi hankali da dabaru biyu na wasu masu talla. Ta fari ita ce 'yar na'urar nan mai kama da alƙalami da ake tsomawa cikin kofi. Jimlar dukan abin da ke narke cikin ruwa take kintatawa, ba tauri kaɗai ba, ƙa'idar ƙasarmu kuwa ta yarda da wannan jimla har miligiram 500. Ba ta ganin ƙwayar cuta. Ta biyu ita ce sandunan ƙarfe da ake tsomawa a jona da lantarki, ruwa ya koma ja ko baƙi, a ce muku ga dattin da kuke sha. Launin nan daga jikin ƙarfen yake fitowa, ruwan kwalba mai tsabta ma haka zai yi muddin akwai ɗan sinadari cikinsa.

Abin Da Za A Yi A Gida

Da damina a tari ruwan sama a duro mai murfi don wanki da dafa wake, bayan an bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube. Tafasa ruwa yana rage wani sashe na tauri, shi ne farin ɓawon da ke zama a gindin tukunya, amma akwai sashen da tafasa ba ta taɓa shi. Ɓawon kuwa idan an jiƙa tsamiya ko an matse lemun tsami an tafasa cikin butar, zai saki. 'Yar kanwa cikin ruwan wanki, a bar shi ya kwanta kafin a tsiyaye, tana sa sabulu ya yi auki. Wannan na wanki ne kaɗai. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun nuna cewa yawan kunun kanwa yana da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda haka kada a mai da kanwa maganin ruwan sha. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba sa cire tauri.

Yara ma za su iya gwaji irin na Kilak. A sami kwalabe biyu masu kama ɗaya, a zuba ruwan sama a ɗaya, na rijiya a ɗayar, daidai wa daida. A narkar da sabulun sanda ko sabulun salo cikin ruwan sama. A riƙa ɗiga shi ɗigo ɗigo, ana girgizawa, ana ƙirgawa, har kumfa ta tsaya ba ta faɗi ba. Bambancin ɗigon shi zai nuna taurin rijiyarku. Kada a yi da omo, gama shi yana kumfa ko cikin ruwa mai tauri.

Inda Kuskuren Awo Ke Taɓa Rai

Tauri shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin takardar. Akwai layuka da suka fi shi nauyi. Na farko shi ne layin ƙwayoyin cutar bayan gida, wanda akan rubuta E. coli. Abin da ya kamata a gani a nan shi ne sifiri cikin mililita 100. In an ga wata lamba, kada a sha ruwan sai an tafasa ko an sa magani.

Na biyu shi ne naitiret, wanda ke shiga rijiya daga salga, da turken dabbobi, da takin zamani. Mu da muke bakin fadamar Gulbin Kebbi, inda noman shinkafa ya bunƙasa daga Argungu har Bunza da Suru, ya kamata mu lura da shi, musamman a rijiyoyi marasa zurfi. Iyakarsa miligiram 50 ce cikin lita. Amma wasu ɗakunan gwaji, musamman masu bin littattafan Amurka, naitirojin ɗin da ke cikinsa kaɗai suke aunawa, sai su sa harafin N kusa da lambar. A wannan mudu iyakar 11 ce. Idan kun ga 15 da N a gefensa, ku ninka da 4.4, za ku sami 66, ya wuce iyaka ke nan. Wanda bai sani ba zai ce 15 bai kai 50 ba, ya kwanta da zuciya ɗaya. Irin wannan ruwa yana hana jinin jariri ɗaukar iska, har leɓunansa su yi shuɗi. Tafasa ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi. Ga wani dalili na ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. A kuma nisanta salga daga rijiya aƙalla mita 30, watau ƙafa 100, ko gaba 16 zuwa 17.

Na uku dalma ce. Iyakarta miligiram 0.01 ce, wata takardar kuwa za ta rubuta 10 da ppb, watau kashi cikin biliyan. Su ma abu ɗaya ne, gama ppb 1,000 ne ke yin ppm ɗaya. Harafi guda ne ya raba su a rubuce. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara.

Sai maganin tsabtace ruwa, watau kulorin. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 111,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, jiharmu ma ba ta tsira ba. Ƙarfin kulorin da kashi cikin ɗari ake rubuta shi. Kashi ɗaya cikin ɗari daidai yake da miligiram 10,000 cikin lita, ko miligiram 10 cikin kowane mililita. Ma'aikatan lafiya sukan narkar da giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 cikin lita ɗaya, su sami ruwan magani mai ƙarfin kashi ɗaya. Idan ana so duro mai lita 200 ya sami miligiram 2 a kowace lita, ana buƙatar miligiram 400, watau mililita 40 na ruwan maganin, cokalin shayi 8 ke nan na mai mililita 5. Sa'an nan a jira minti 30 kafin a sha. Na kawo wannan don a ga yadda lissafin ke tafiya. Garin kulorin yana ƙona fata da ido, a bar wa ma'aikacin lafiya haɗa shi. A gida a yi amfani da ƙwayar magani ko ruwan maganin da aka yi don wannan aiki, a karanta lita nawa aka rubuta a jiki, a kuma tabbatar ko jarkar gidan mai lita 20 ce ko mai 25. Idan umarnin da galan aka rubuta shi, a fara tambaya galan na wace ƙasa.

Na ƙarshe, wanda ya fi kusa da kowace uwa, shi ne ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa. Yawancin ƙunshin da ake bayarwa a asibiti na lita ɗaya ne. Ledar ruwan sha da ake sayarwa santilita 50 ce, watau rabin lita, saboda haka leda biyu ake buƙata. Uwar da ta juye ƙunshin duka cikin leda ɗaya ta ninka ƙarfin gishirin sau biyu, wannan kuwa yana iya ƙara wa yaro ciwo har ya kai shi ga suma. Kwalbar roba mai santilita 75 ma ba ta cika lita ba. In ba ƙunshin a kusa, rabin cokalin shayi na gishiri da cokali 6 na sukari, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo, a kuma kai yaron asibiti. Ina ba shugabannin zumuntar mata shawara su auna lita ɗaya cikin kwanon sha a gaban kowa, kowace mace ta koma gida ta sa wa nata kwanon alama.

Ma'auni A Gaban Allah

Maganar awo ba baƙuwa ba ce a cikin Littafi Mai Tsarki. A Littafin Firistoci sura 19 an umarci Isra'ilawa su yi gaskiya wajen awon tsawo da na nauyi da na mudu, Karin Magana sura 11 kuma ta fara da wannan zance. Mukan ɗauka gargaɗin na 'yan kasuwa ne kaɗai. Amma ma'ajin da ya sa hannu a sayi abin da bai fahimta ba da baikon gwauraye, shi ma amana ce a wuyansa. A 2 Sarakuna sura 2, mutanen Yariko ba su zauna suna gunaguni a kan ruwansu ba, sun je wurin Elisha sun faɗi damuwarsu. Matambayi ba ya ɓata. Ku fito da takardar nan daga akwati, ku kai wa malamin kimiyya na makarantarku, ko ma'aikacin lafiya, ko ma'aikatan hukumar ruwa a Birnin Kebbi. Duk wanda ya ba ku lamba, ku tambaye shi da ladabi, da wane mudu ya auna.

Ga aikin gida, iyaye da yara su yi tare bayan addu'ar yamma. Na ɗaya, littafin wata na'ura daga Amurka ya ce ba ta jure ruwan da ya wuce giren 7, takardarku kuwa ta nuna miligiram 135. Za ta yi muku aiki? Na biyu, kalsiyam 52 ne, magnesiyam 10. Nawa ne jimlar tauri, a wane kashi kuma ruwan ya faɗa? Na uku, a Yohanna sura 2, randunan dutse na bikin Kana guda 6 ne, kowacce tana cin mudun ruwa 2 ko 3 na zamanin, mudu ɗaya kuwa kimanin lita 39 ne. Jarka nawa mai lita 25 barorin suka ɗebo, a mafi ƙaranci da mafi yawa?

Amsoshi za su fito a wata mai zuwa, idan Ubangiji ya kai mu. Ku aiko da naku ta hannun edita. Allah ya kiyaye gidajenku da rijiyoyinku.